Furar Inna Tabawa a Hanyar Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ba a bar ni na huta ba. Wadda ta zo awo sai ta tambaya, wadda ta kawo yaro rigakafi sai ta tambaya, ƙawayena da muka yi makarantar koyon aikin lafiya tare kuwa sun ishe ni a waya: "Binta, yaya ƙasar waje?" Wai ƙasar waje! Ƙasar da in ka hau mota da hantsi daga garinmu za ka yi azahar a bakin iyakarta. To, bakina ya gaji. Ga shi na rubuta, duk mai tambaya sai in miƙa mata.

Ni malamar asibiti ce a ƙauyenmu, gabas da Kunci. Mu biyu ne a asibitin, ni da ogana Malam Sani. Da damina ta kankama bana, gero ya kai gwiwa, sai amai da gudawa suka shiga yara, musamman waɗanda aka yaye. Muka yi ta haɗa ruwan gishiri da sukari. Yawancinsu sun tashi, biyu Allah ya karɓi abinsa. An zo daga Kano an gwada, aka ce ba kwalara ba ce. To mece ce? Ba su gano ba.

In likita bai faɗi sunan cuta ba, gari zai faɗa. Gari ya ce furar Inna Tabawa ce.

Inna Tabawa tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Tun ina yarinya take kirɓa fura tana zama da ƙwaryarta a gindin darbejiyar ƙofar asibiti, da ita take ci da kanta da jikokinta biyu marayu. Kusan duk yaron garin da furarta aka yaye shi, har da 'yata Ummi. In na aiki Ummi da kofi, sai Inna ta ƙara mata ɗan curi a kai ta ce, "Wannan gyaran malama ne." Wata ta ce ɗanta ya sha da safe, da yamma ya fara gudawa. Wata ta ce ita ma haka. Babu wanda ya tuna cewa yaran da ba su kwanta ba su ma ita suke sha. Cikin mako guda aka daina saye. Ba a zage ta ba, ba a kai ta gaban mai gari ba, ana ma gaishe ta. Amma in ta shiga gidan suna sai a janye yara, kuma ranar sadakar ukun ɗaya daga yaran da suka rasu ta kai gumba aka mayar mata da faifanta a rufe. Na yi ta faɗa da mata a kan maganar nan. Ina da baki, kowa ya sani.

Ana haka sai takarda ta zo. Akwai wani aiki da ake yi da ƙananan asibitoci na nan da na Nijar, ana tattara kashin yara masu gudawa ana kai shi wani ɗakin gwaji a Yamai, inda suke da na'urar da ke gano ƙwayoyin cutar da gwajinmu na nan ba ya gani. Ana son ma'aikaci ɗaya ya raka akwatin sanyin da za a sa kashin a ciki, ya kwana shida yana koyon aikin. Malam Sani ya ce shi ga noma na biyu ya taso masa. Sai ni. An ce a ɗebi na marasa lafiya, a ɗebi na masu lafiya don a kwatanta. Na marasa lafiya bai ba ni wuya ba. Na masu lafiya kuwa sai da na bi gida-gida ina rantsuwa, don wata kaka ta tsare ni ta ce, "Ke Binta, me mutanen wata ƙasa za su yi da kashin jikana in ba asiri ba?"

Ranar tafiya, ina ɗaura akwatin sanyi a bayan babur, sai ga Inna Tabawa da ƙullin leda. Curi uku ne na fura.

"Malama, ki kai musu su duba," ta ce. "In da guba a hannuna, gara in sani kafin in mutu."

Malam Sani ya ce babu gurbin fura a takarda, kuma kada in kuskura in sa ta a akwatin hukuma. Gaskiyarsa. Na ɗauko ƙaramar kular abincina, na zuba ƙanƙara, na sa furar, na tura cikin jakata.

Daga Kunci zuwa Kazaure, daga Kazaure zuwa Daura, babu abin ba da labari, sai dai direban da ya so ya ɗora min buhun barkono a kan akwati muka yi cacar baki. A Kongolam muka iso iyaka. Na wajenmu suka duba takardu suka ce Allah ya kiyaye hanya. Na wajensu kuwa wani jami'in kwastan ne dogo, ya zagaya akwatin sau biyu ya ƙwanƙwasa shi da biro. Na miƙa masa takardar izini, rabi Turanci rabi Faransanci. Bai ko kalla ba.

"Buɗe."

"Ranka ya daɗe, in an buɗe sanyin zai fita."

"Na ce buɗe. Mene ne a ciki?"

"Kashin yara ne. Masu gudawa."

Ya ɗauke biron daga kan akwatin, ya dubi biron, ya dube ni. Sai a lokacin ya karanta takardar, tun daga sama har ƙasa, ya buga hatimi ya ce in wuce. Na ga ya jefa biron a kwandon shara.

A Matamai na sake mota zuwa Maraɗi. Hausa ce dai, amma sai ka kasa kunne. "Lahiya lau" suke cewa, fura kuma "hura". Asibiti ma "likita" suke ce masa, har na ji wata tana cewa za ta shiga likita na juyo ina kallonta. Sojoji da jandarma suna tsayar da mota kowa ya sauko da katin shaidarsa a hannu, a bi layi, ba hayaniya. A nan wajenmu da tuni an fara "Oga, yi haƙuri mana."

A Maraɗi an haɗa ni da wata malamar asibiti, Hadiza, a gidanta na sauka. Mutuniyar kirki. Ta yi min tuwon gero miyar kuka da man shanu har sai da na ji kunyar yawan loma. Matsalar ɗaya ce. Shirin da aka yi shi ne a sa robobin ƙanƙarar da ke cikin akwatin a firjin gidan su sake daskarewa, firjin kuwa na surukarta ne, a ciki take daskarar da zoɓon sayarwa. Da tsohuwar ta ji abin da robobin suka kwana kusa da shi, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za su shiga ba. Ban ga laifinta ba. Hadiza ta hau babur ta kai robobin asibitinsu ta musanyo min daskararru, akwatin kuma ya kwana a zaure kamar baƙon da ba a yarda da shi ba.

Bayan asuba na shiga babbar mota mai zuwa Yamai. Kowa da lambar kujerarsa, kuma da lokaci ya yi ta tashi ko ba ta cika ba, abin da ban taɓa gani ba. Kusa da ni aka zaunar da Hajiya Zara'u, 'yar Tasawa, mai fataucin turaren wuta da humra, mace mai jiki da murya. Kafin mu fita gari ta san sunana da na mijina da yawan 'ya'yana. Ta buɗe jaka ta miƙo dabino. Can ta miƙo kilishi. Can goro. Ni kuwa ƙuli-ƙulin da na yo guzuri na manta shi a gidan Hadiza, sai karɓa nake ina godiya, ba ni da abin mayarwa. A bayanmu akwai wata yarinyar mace, Mariyama, da ɗanta mai shekara ɗaya da rabi, za ta wajen mijinta. Yaron ya yi ta kukan zafi tun daga Birnin Ƙonni.

A Dogon Dutsi aka tsaya sallar azahar. Na ɗauki akwatin na tafi neman ƙanƙara, na ce, "Hajiya, ga jakata, ki duba min." Na daɗe, don mai ƙanƙarar yana can ƙarshen tasha, sannan na yi salla. Da na dawo na tarar da su a inuwar rumfa sun zagaye wata ƙwarya. Kulata tana gefe a buɗe.

"Ashe hura kike ɓoyo, 'yar Kano!" Hajiya ta ce tana dariya. "Tun Maraɗi kina cin nawa, naki yana kwance cikin ƙanƙara kamar amarya. Ruwan sanyi na je nema wa yaron nan na gan ta. Na sayi nono wajen Bafillatana na dama mana. Wallahi mai hurar nan ta iya, har da kanumfari."

Ba ta yi laifi ba. Guzuri a hanya na kowa ne, haka muka tashi muka gani, kuma wanda ya ci naki ba ya neman izini kafin ya taɓa nasa. Curi ukun duk sun narke. Hajiya ta sha, wani tsoho mai zuwa asibitin ido ya sha, 'yan makaranta mata biyu sun sha. Mariyama tana riƙe da ludayi a bakin ɗanta, yana zuƙa yana lumshe ido.

Hajiya ta karɓi ludayin ta cika ta miƙo min.

"Na ƙoshi, Hajiya."

"Ƙoshi da me? Iska?"

"Cikina ne ba daɗi."

Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta shanye.

Ban faɗa musu ba. Na gaya wa kaina cewa in na buɗe baki na yi wa Inna Tabawa a ƙasar mutane abin da garinmu ya yi mata. Abin da na gaya wa kaina ke nan. Gaskiyar ita ce tsoro ne ya kama ni, tsoron Hajiya da muryarta, da tsoron idon uwar yaron nan. Kafin mu kai Doso na karɓi lambar wayar kowa, wai don zumunci. Hajiya har tana yabona, ta ce 'yan Kano akwai son mutane.

Yamai gari ne mai faɗi, ga kogi ya raba shi biyu. An sauke mu a wani masauki, mu takwas daga asibitoci daban-daban. Abin da ya fara ba ni mamaki mata ne a kan babur, su da kansu suke tuƙi, da mayafi da jaka, wata har da goyo. Da safe dogon burodi ne mai tauri kamar icen girki, sai an tsoma a shayi yake jin magana. Da rana akwai dambu da zogale da ƙuli, suna ce masa kopto, wannan kam na yi masa adalci. Shayinsu ɗan mitsitsin kofi ne mai ɗaci, sau uku ake zagayowa da shi, in ka tashi a na farko ka yi rashin ladabi. Gaisuwar Zabarmawa "fofo" ce, ita kaɗai na iya, da ita na yi ta fama har na dawo.

Mai koya mana aikin Dokta Ramatu ce, Bazabarmiya, siririya, tana jin Hausa amma tana jan ta a hankali. Ba ta da wasa. Kafin ka shiga ɗakin gwajin sai ka sa riga da safar hannu da takunkumi, har takalmi sai an sa masa leda. Ta karɓi akwatina ta duba ma'aunin sanyin da ke ciki kafin ta amsa gaisuwata. Da ta ga bai hau ba ta ce, "Kin yi aiki." Daga nan ba ta ƙara yabona ba.

Ta yi mana bayani yadda za mu gane. Ta ce da farko suna neman ƙwayoyin da aka saba da su masu sa yara gudawa. In ba a gansu ba, ko an gansu a kaɗan, sai su nemi wasu ƙanana ƙwarai, dangin da ake kira parvovirus, waɗanda ba a daɗe da sanin suna zama a cikin ɗan Adam ba. Ɗaya daga cikinsu ma a kashin yara masu gudawa a Burkina Faso aka fara ganinta. Ba a ganinsu da madubin asibiti irin namu. Sai an ɗebi ɗan kashin an narka, an tace, an sa a wata na'ura da ke ta ninka alamar ƙwayar har ta yi yawan da za a gane ta. Na tsaya ina kallon na'urar, ba ta fi akwatin rediyo ba, na ce a raina yau sunan Inna Tabawa yana cikin wannan abin.

Kullum da safe kafin mu shiga aji sai in tsaya a bakin ƙofa in bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya. Tsoho lafiya, an wanke masa ido. 'Yan makaranta lafiya, har sun fara gajiya da ni. Hajiya lafiya, sai ta riƙe ni da labarin kasuwa har katina ya ƙare. A rana ta uku wayar Mariyama ta ƙi shiga. Na kira ya fi sau goma. Ranar ko kopton ban iya ci ba, a ɗakin gwaji kuma na zubar da ruwan gwaji a kan tebur. Dokta Ramatu ta fitar da ni waje ta ce, "Me ke damun ki?" Na faɗa mata komai, tun daga gindin darbejiya har rumfar Dogon Dutsi.

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Ke ma'aikaciyar lafiya ce. Ko ba ki yarda da zargin ba, uwar tana da haƙƙin ta sani. Da kin faɗa mata, kin ba ta gishiri da sukari ta riƙe." Sannan ta ce ko da furar ta iso ba abin da za ta iya yi da ita. Furar da aka kirɓa makon nan ba za ta ba da shaidar furar watan jiya ba.

Washegari wayar ta shiga. Caji ne ya ƙare mata, unguwarsu ba wuta. Yaro lafiya lau, ina jin ihunsa. Na yi hamdala, sannan na daure na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "To." Ta kashe. Ba ta ƙara ɗaukar wayata ba har yau. Hajiya kuwa da na faɗa mata sai da ta yi salati, ta zage ni tas, sannan ta ce in zan dawo in taho mata da curi goma.

Ana gobe za mu taso sakamakon garinmu ya fito. An ga irin ƙwayar nan a kashin wasu daga yaran da suka yi gudawa. An kuma gan ta a kashin wasu da ko ciwon kai ba su yi ba, har da jikan kakar nan mai maganar asiri. A wasu marasa lafiyar kuma ba a ga komai ba.

"To ita ce ta kashe mana yara?" na tambaya.

"Ban sani ba. Mun gan ta, shi ke nan. Ganin mutum a gidan da aka yi sata bai sa ya zama ɓarawo. Sai an daɗe ana dubawa a wurare da yawa."

"Ki rubuta min ko layi ɗaya cewa ba fura ba ce."

"Ba zan rubuta abin da ban gwada ba," ta ce. "Ku duba rijiyoyinku da damina, ku dage da wanke hannu. Wannan zan iya rubutawa."

Na ji haushinta ƙwarai a lokacin. Kwana biyu a hanya da akwatin kashi, in koma da "ban sani ba"! Yanzu na huce, na san ita ce mai gaskiya.

Dawowa ba labari, sai dai a Kongolam jami'in nan ya gane ni, tun daga nesa ya ɗaga min hannu in wuce, alhali akwatin wayam yake.

Na iso gida da la'asar, ko wanka ban yi ba na nufi gidan Inna Tabawa. Na same ta tana tsince wake, turminta a kife a jikin danga. Na ba ta labari kamar yadda na ba ku. Maganar na'ura ba ta dame ta ba. Da na zo kan rumfar Dogon Dutsi sai ta ajiye faifan, tana ƙirga mutanen da yatsa.

"Har da yaro?"

"Har da yaro, Inna. Lafiyarsa ƙalau."

"Alhamdu lillahi." Ta share ido da gefen zani. Ta ɗauki faifan wakenta, sannan ta ce, "Ke fa, malama? Kin sha?"

Na ce, "Ban sha ba, Inna."

Ta gyaɗa kai. "Na sani. Tun ranar da yaron farko ya rasu Ummi ba ta ƙara zuwa da kofi ba."

Wallahi ban taɓa lura ba sai da ta faɗa. Ina tsakar gari ina faɗa da mata saboda ita, a gida kuwa na koma dama wa 'yata koko. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba.

Da safe na kai mata gero kwano biyu na ce ta kirɓa. Ta kirɓa. Ranar awo, mata cike da ƙofar asibiti, na zauna a gindin darbejiya na dama na sha, na ba Ummi ta sha, kowa yana kallo. Zuwa yau da nake rubutun nan gida uku ne suka dawo saye, sauran suna jiran su ga ƙarshen damina. Kullum da hantsi Ummi tana zuwa da kofinta, Inna Tabawa tana aiko min da gaisuwa kamar da. Gyaran malama ne dai ba ta ƙara sawa ba.